Tsaga da Maƙwabciyarta: Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa ke Hango Darewar Ƙarfe

Gabatarwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magina da maƙera sun daɗe da sanin gaskiyar wannan magana, domin duk abin da aka gina ko aka ƙera, daga tukunyar ƙasa har zuwa gadar ƙarfe, ta wurin 'yar tsaga lalacewarsa ke farawa. Injiniyoyin zamani sun yarda cewa babu ƙarfen da ya kuɓuta daga tsaga ɗungurungum. Wata tun daga masana'anta ake fitowa da ita, wata wajen walda ko huda rami take samuwa, wata kuma yawan aiki ne ke haifar da ita. Saboda haka tambayar da kullum ke gabansu ita ce: wace tsaga ce za a iya zama da ita, har zuwa yaushe, wace ce kuma tilas a tsai da aiki saboda ita?

Idan tsagar guda ɗaya ce, amsar tana da ɗan sauƙi, an kuma daɗe da sanin hanyar lissafa ta. Wahalar tana zuwa ne idan tsage-tsagen suna da yawa kuma kusa da juna, domin kowace tana canza halin 'yar'uwarta. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa, da yadda masana ke amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wajen hango ƙarshen irin wannan maƙwabtaka kafin ta jawo asarar rayuka.

Jirgin da rufinsa ya yaye

A ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgin sama ƙirar Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga garin Hilo zuwa Honolulu, a tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka, ɗauke da mutane 95. Yana kaiwa tsayin ƙafa 24,000 sai rufinsa ya yaye daga bayan ɗakin matuƙa, tsawon kimanin ƙafa 18. Fasinjojin kujerun gaba suka tsinci kansu a fili, babu abin da ya raba su da sararin samaniya. Iska ta fizge ma'aikaciyar jirgin guda ɗaya, ba a kuma ganinta ba. Matuƙan biyu suka yi namijin ƙoƙari har suka sauke jirgin a filin Kahului da ke tsibirin Mawi. Mutane 65 ne suka ji rauni.

Don a fahimci abin da ya faru, ya kamata a san yadda jikin jirgi yake. Fallayen alminiyom ne marasa kauri, a wannan jirgin kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. Inda falle ya haɗu da falle akan ɗora bakin ɗaya bisa ɗayan, a liƙe su da gam, sa'an nan a ɗinke su da layi uku na ƙananan ƙusoshi waɗanda ake dandaƙe kansu, irin masu riƙe hannun bokiti. Da yake iskar can sama ba ta isa mutum ya yi numfashi, akan hura iska cikin jirgin, jikinsa ya ɗan kumbura kamar balan-balan. A cikakken tsayi, ƙarfin da ke tura kowace murabba'in mita ta jikin jirgin zuwa waje ya kai kimanin tan 5. Idan ya sauka sai jikin ya koma yadda yake.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa an ƙera jirgin a 1969, ya kuma yi tashi da sauka sau 89,680, saboda tafiya tsakanin tsibiran gajeriya ce. Danshin teku ya shiga mahaɗin fallayen, gam ya saki, tsatsa ta kama, nauyi duka ya koma kan ƙusoshin. Daga nan ƙananan tsage-tsage suka fito daga gefen ramukan ƙusoshi masu yawa a layi guda. Da yawansu ƙanana ne ƙwarai, wasu ma kan ƙusa ya rufe su.

Masu ƙera jirgin sun yi tanadi saboda tsaga. Tun bayan da jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama a 1954, aka riƙa ƙera jirage yadda za su jure wa babbar tsaga guda ɗaya. A jikin 737 an liƙa ɗamarun ƙarfe daga ciki, tazarar inci 10 tsakaninsu, don idan tsaga ta taho ta ci karo da ɗamara ta karkace, wani ɗan yanki ya buɗe, iska ta fita, jirgin ya sauka lafiya. To amma wannan tanadi na tsaga ɗaya ne mai ratsa lafiyayyen ƙarfe. A jirgin Aloha tsagar ta tarar da 'yan'uwanta jere a gabanta, ta bi ta cikinsu kamar yadda kan sarki ke rabuwa da takardarsa ta layin hujin da aka yi masa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Me ya sa tsaga ke raunana ƙarfe?

Idan aka ja fallen ƙarfe daga sama da ƙasa, nauyin jan yakan bazu daidai cikin faɗinsa. Idan akwai rami a tsakiya, nauyin ba shi da hanyar tsallake ramin, dole ya kewaye shi, kamar yadda ruwan kogi ke kewaye dutse yana matsuwa a gefensa. A 1898 wani injiniyan Jamus mai suna Ernst Kirsch ya lissafa cewa nauyin da ke gefen rami mai da'ira ya ninka na sauran fallen sau 3. A 1913 kuma Charles Inglis na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa gwargwadon yadda ramin ya miƙe ya yi tsini, gwargwadon yadda nauyin ke taruwa a bakinsa. Rami mai siffar ƙwai wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 10 yakan tara nauyi ninki 21. Tsaga kuwa rami ce mai tsawo wadda bakinta ya fi na allura tsini.

A 1921 Alan Griffith, wani injiniyan Ingila, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da gilashi. Ya nuna cewa ga kowane nauyi akwai tsawon da idan tsaga ta kai shi ba ta sake tsayawa, sai ta keta abin baki ɗaya. George Irwin, na cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka, ya faɗaɗa wannan ilimi ya shafi ƙarfe. A 1957 ya kawo wani ma'auni da ke nuna tsananin nauyin da ya taru a bakin tsaga, wanda a yau ake rubuta shi da harafin K. Wannan ma'auni yana hawa idan an ƙara nauyi, yana kuma hawa idan tsagar ta ƙara tsawo: idan tsawonta ya ninka sau 4, K ya ninka sau 2, idan ya ninka sau 9, K ya ninka sau 3. Kowane abu yana da iyakar K da yake iya ɗauka. Iyakar alminiyom na jirgi ta fi ta gilashin taga fiye da sau 30, shi ya sa gilashi ke fashewa daga ɗan ƙarzane, alminiyom kuwa ya daure.

Ko da K bai kai iyaka ba, tsaga tana iya girma a hankali idan ana ɗora nauyi ana saukewa. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya gan ta da idonsa. A farkon shekarun 1960 Paul Paris, wani masani Ba'amurke, ya nuna cewa saurin girman tsaga ya dogara ne ga yadda K ke hawa da sauka a kowane zagaye. A yawancin ƙarafa, idan wannan hawa ya ninka sau 2, saurin girman yakan ninka kimanin sau 8 ko fiye. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari kacal yana ƙara saurin da kusan kashi ɗaya bisa uku. Wannan ne ya sa duk wani ɗan tasiri da maƙwabciya ta yi a kan K ya zama abin kula.

Halaye uku na maƙwabtaka

Hali na farko shi ne zuga juna. Yana faruwa ne idan tsage-tsagen suna kan layi guda, baki na fuskantar baki. Nauyin da ya kauce wa wannan da wanda ya kauce wa waccan duk sai su matsu a 'yar gadar ƙarfen da ta rage a tsakani. Tun cikin shekarun 1950 aka san lissafin jerin tsage-tsage masu tsawo ɗaya da tazara ɗaya. Idan tsage-tsagen sun cinye kashi ɗaya bisa huɗu na layin, K yana ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari ne kawai bisa na tsagar da ke ita kaɗai. Idan sun cinye rabi, ƙarin ya kai kashi 13. Idan sun cinye kashi 8 bisa 10, ƙarin ya kai kashi 57, idan kuwa kashi 9 bisa 10 ne, K ya wuce ninki biyu, saurin girma kuma ya ninka fiye da sau 9. Ma'anar wannan ita ce, tsage-tsagen kan daɗe kamar ba su san da juna ba, sa'an nan a ƙarshe su rufta wa juna cikin ɗan lokaci. Da zarar biyu sun haɗe sun zama doguwa guda, K ya sake tsalle, ta uku ta shigo, haka har ƙarshen layi.

Hali na biyu shi ne kare juna. Idan tsaga biyu suna kwance ɗaya bisa ɗaya kamar layukan littafin rubutu, kowace tana cikin inuwar ɗayar. Ƙarfen da ke sama da ƙasan tsaga a sake yake, domin nauyi ya riga ya kauce masa. Tsagar da ta faɗa cikin wannan yanki tana samun sauƙi, K nata ya ragu. Sau da yawa doguwar takan ci gaba, gajeriyar ta tsaya cik. Ana ganin wannan a ƙasan tafki idan ya ƙafe da rani. Laka tana tsukewa yayin da take bushewa, ta dare, amma kowace tsaga tana sassauta lakar da ke kewayenta, sabuwa ba ta fitowa sai an ɗan yi nisa. Shi ya sa faifan busasshiyar laka kan zo kusan girma ɗaya.

Hali na uku ya fi ban mamaki. Mutum zai yi zaton tsaga biyu da suka tunkari juna za su haɗu baki da baki. Sau da yawa ba haka abin ke kasancewa ba. Idan akwai ɗan saɓani tsakanin layinsu, sukan ɗan kauce wa juna da farko, su wuce juna, daga baya kowace ta lanƙwaso kamar ƙugiya ta nufi gefen 'yar'uwarta, su bar ɗan tsibirin ƙarfe mai siffar ido a tsakiya. A 1983 wata masaniya 'yar ƙasar Suwidin, Solveig Melin, ta nuna ta hanyar lissafi cewa tafiyar kai-tsaye baki da baki ba ta da tabbas, ɗan karkata kaɗan ya isa ya kautar da su. Ana samun wannan siffa a gilashi da roba da kankare, har ma a ƙasan tekun Fasifik, inda tsagogin ɓawon duniya masu tsawon kilomitoci ke wuce juna ta wannan hanya.

A ƙarfen gaske waɗannan halaye uku a cakuɗe suke. Tsaga guda tana iya samun zuga daga ta dama, kariya daga ta sama, tana kuma lanƙwasa saboda ta hagu, duk a lokaci ɗaya. Tsage-tsage 10 suna da alaƙa 45 a tsakaninsu idan aka ɗauke su biyu-biyu, 100 kuwa suna da 4,950, kuma kowace alaƙa tana canzawa da zarar ɗayansu ta motsa. Wannan aiki ya fi ƙarfin alƙalami da takarda.

Yadda na'ura ke yin lissafin

Babbar dabarar da ake amfani da ita ana iya kiranta dabarar ƙananan gaɓoɓi. Ta samo asali ne daga masana'antar jiragen sama: a 1956 wasu injiniyoyi huɗu da ke aiki da kamfanin Boeing suka wallafa bayaninta, a 1960 kuma ɗaya daga cikinsu, Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya, ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi. Hikimarta ita ce, lissafin yadda babban falle mai ramuka da ƙusoshi ke miƙewa yana da wuya, amma na ɗan gutsure mai kusurwa uku ko huɗu yana da sauƙi.

Da farko injiniya yakan zana siffar fallen cikin kwamfuta, da ramukansa da tsage-tsagensa. Sai a rarraba zanen zuwa dubban ƙananan gaɓoɓi masu haɗe da juna a kusurwoyinsu, har ya yi kama da ragar kamun kifi. A wurin da babu tsaga idanun ragar manya ne, amma kusa da bakin tsaga akan ƙanƙanta su ƙwarai, saboda a nan nauyi ke canzawa da sauri cikin ɗan taƙi. Bayan haka a faɗa wa na'urar halin ƙarfen, wato yadda yake miƙewa, da inda yake fara lanƙwasa ba ya komawa, da iyakar juriyarsa, waɗanda duk a ɗakin gwaji aka auno su. Sai a ɗora nauyi. Sharaɗin da na'urar ke bi shi ne, a kowace mahaɗa ta ragar, ƙarfin da ke ja ta wannan gefe ya yi daidai da mai ja ta wancan. Wannan kan haifar da jerin lissafin aljabara masu sarƙe da juna, dubbai ko miliyoyi, waɗanda na'urar ke warwarewa tare.

Daga amsar ake fitar da K na bakin kowace tsaga. Ba a buƙatar a gaya wa na'urar wace ke zuga wace, domin tasirin kowace ya riga ya shiga lissafin ta hanyar gaɓoɓin da suka haɗa su. Sai a yi amfani da ƙa'idar Paris a ga nawa kowace za ta ƙaru bayan zagaye ɗari ko dubu. Game da inda za ta nufa kuwa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce tsaga takan juya ta gicciye jan da ya fi ƙarfi a bakinta. Sai a tsawaita tsage-tsagen kaɗan, a sake lissafi daga farko. Haka za a yi ta maimaitawa har biyu su haɗe ko wata ta kai iyaka. A alminiyom akwai ɗan yanki a gaban bakin tsaga inda ƙarfe ya riga ya lanƙwasa, kuma wata sananniyar ƙa'ida ta ce idan irin wannan yanki na tsaga biyu ya taɓa juna, a ɗauka sun haɗe, ko da ido na ganin sauran ƙarfe a tsakaninsu.

Babban cikas a da shi ne, duk lokacin da tsaga ta matsa sai an sake saƙa ragar kewaye da ita. Masana a Jami'ar Cornell sun ƙirƙiro manhajar FRANC mai yin wannan saƙa da kanta. A 1999 kuma Ted Belytschko da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern suka fito da hanyar da tsaga za ta ratsa tsakiyar gaɓa ba tare da an taɓa ragar ba. Akwai kuma wata sabuwar hanya mai ɗaukar tsaga a matsayin siririn yankin lalacewa, inda kowane wuri ke da lamba daga sifili, wato lafiyayye, zuwa ɗaya, wato tsagagge. Da wannan hanya tsage-tsage kan fito, su yi rassa, su haɗe, ba tare da an shata musu hanya ba.

Idan tsage-tsagen sun kai ɗaruruwa akwai gajeriyar hanya. A 1987 Mark Kachanov na Jami'ar Tufts ya nuna cewa ana samun amsa mai kyau idan aka ɗauki matsakaicin tasirin kowace tsaga a kan sauran. Binciken da aka yi da wannan hanya ya nuna wani abu muhimmi: idan tsage-tsage na warwatse barkatai, zuga da kariya kan kusan soke juna wajen yadda abu ke miƙewa gaba ɗayansa, amma karyewarsa ta dogara ne ga wuri guda inda 'yan kaɗan suka jeru mummunan jeri. Abu yana iya nuna ƙwari a ma'auni alhali yana dab da karyewa.

Da yake babu wanda ya san ramin da zai fara tsagewa, akan sa na'urar ta yi ƙuri'a. Ta rarraba ƙananan lahani a ramukan ƙusoshi ba bisa tsari ba, ta bi su har fallen ya dare, ta rubuta yawan zagayen, ta sake wani rabon. Bayan maimaici dubbai sai a ga mafi munin abin da ke iya faruwa da kuma yawan yiwuwarsa.

Abin da aka amfana

Bayan haɗarin Aloha, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar kula da tsofaffin jirage a 1991. Cibiyar Langley ta hukumar NASA da hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar sun shafe shekarun 1990 suna lissafi da kwamfuta, suna kuma fasa fallayen gaske a ɗakin gwaji don kwatantawa. Sakamakon ya tabbatar da cewa 'yan tsage-tsagen da ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, idan suna jere a gaban babba, suna rage nauyin da falle zai iya ɗauka ƙwarai da gaske. Tun da irin waɗannan suna da wuyar gani ko da na'urar bincike, sai aka yanke cewa dubawa kaɗai ba ta wadatar ba. A 2010 hukumar sufurin saman ta wajabta wa masu ƙera manyan jirage su ƙayyade adadin tashi da sauka ko sa'o'in da aka tabbatar wannan matsala ba za ta auku ba kafinsu. Jirgin da ya kai wannan adadi dole a ajiye shi, sai fa in an kawo sabuwar hujja da sabon tsarin gyara.

Amfanin bai tsaya ga jirage ba. Bututun mai da na iskar gas, irin waɗanda ke ratsa Nijeriya, a ko'ina cikin duniya suna iya samun gungun ƙananan tsage-tsage inda tsatsa da nauyi suka haɗu. Littattafan ƙa'idar injiniyoyi sun tanadi cewa idan tazarar da ke tsakanin tsaga biyu ta gaza wani ma'auni, a lissafa su a matsayin guda ɗaya mai tsawonsu duka har da tazarar. Ana amfani da kwamfuta wajen gwada ingancin waɗannan ƙa'idoji, don kada a rufe lafiyayyen bututu a banza, kada kuma a bar mai haɗari yana aiki.

Iyakar na'urar

Kwamfuta tana lissafa abin da aka ba ta ne kawai. A ranar 1 ga Afrilu, 2011, wani Boeing 737 na kamfanin Southwest ya tashi daga birnin Finiks, sai rufinsa ya ɓule tsawon kimanin ƙafa 5. Ya sauka a Yuma, jihar Arizona, babu wanda ya rasu. Binciken ya sake gano ƙananan tsage-tsage jere a ramukan ƙusoshi. Jirgin bai cika tashi da sauka 40,000 ba, alhali kamfanin da ya ƙera shi bai zaci wannan matsala ba kafin 60,000. Dalili shi ne, tun wajen haɗa jirgin ba a huda ramukan wannan falle daidai ba, na sama bai hau kan na ƙasa ba, wasu kuma sun yi siffar ƙwai. Lissafin ya ɗauka aikin mai huda ya yi kyau. Saboda haka injiniyoyi ba su yarda da amsar kwamfuta sai sun gwada ta da ƙarfen gaske, kuma komai ingancin manhaja, hannun ma'aikaci da idon mai dubawa suna nan da muhimmancinsu.

Darasi daga ƙashi

Jikin ɗan Adam ma yana fama da wannan matsala. Kowane taku nauyi ne da ake ɗora wa ƙashin ƙafa a sauke. A 1960 wani likitan ƙashi Ba'amurke, Harold Frost, ya bayyana ƙananan tsage-tsage a haƙarƙarin mutane, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. An gina ƙashi da ƙananan ginshiƙai masu faɗin kimanin kashi ɗaya bisa biyar na milimita, kuma iyakar kowane ginshiƙi takan karkatar da tsaga ko ta tsai da ita. Bugu da ƙari, ƙashi rayayye ne. Ƙwayoyin halitta da ke zaune cikinsa sukan mutu a kusa da tsaga, wannan ya jawo wasu ƙwayoyi masu cinye lalataccen wurin, wasu kuma su biyo baya su gina sabo. Idan aiki ya fi ƙarfin gyara, kamar yadda kan faru ga sababbin sojoji masu doguwar tafiya ko 'yan tseren da ba su hutawa, tsage-tsagen sai su yawaita su haɗe, ƙashi ya tsage ba tare da faɗuwa ko duka ba. Masana na amfani da dabarar ƙananan gaɓoɓi wajen nazarin ƙashi, injiniyoyi kuma na koyon yadda za su ƙera kayan da ke karkatar da tsaga kamar yadda ƙashi ke yi.

Gwaji don aji

Malami yana iya nuna wa ɗalibai wannan da takarda da reza da 'yan duwatsu. A yanka takardu uku masu faɗi ɗaya. A ta farko a yi tsaga guda a tsakiya, a kwance. A ta biyu a yi irin wannan tsagar, a ƙara wasu ƙanana biyu a dama da hagu bisa layi guda, kusa da bakinta. A ta uku a yi tsagar, a ƙara wata gajeriya a samanta. A maƙale saman kowace takarda, a rataya gwangwani a ƙasanta, a riƙa zuba tsakuwa har ta yage, a ƙirga. A maimaita sau da dama, domin takarda ba ta zama ɗaya. Ɗalibai su kwatanta adadin, su kuma duba hanyar da kowace yagewa ta bi. Malami ne ya kamata ya riƙe rezar.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsawon tsaga kaɗai ba ya nuna haɗarinta. Sai an san su wa ke kusa da ita, da yadda suka jeru, da tazarar da ke tsakaninsu. Lissafin wannan ya haɗa ilimin fiziya da aljabara da sanin halin ƙarafa da sarrafa kwamfuta, kuma tushensu duka yana cikin darussan da ake koyarwa a makarantar sakandare. Ɗalibin da ya riƙe su da kyau yana iya zama cikin waɗanda za su riƙa yanke hukunci a kan gadoji da bututu da jiragen da jama'a ke dogara da su. A wannan fage, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.